Kuɗin ciniki yana da masu shi

Ɗan shagon kayan masarufi gare ni a Aboabo, nan Kumasi. Abin da sana'ar ta koya mini shi ne, kuɗin da ke cikin aljihun tebur da daddare yana da masu shi tun kafin in ƙirga.

Na gaban layi su ne kayan da ke fita kullum: sukari, gari, madara, magi, ruwan leda. Ribarsu siririya ce, amma su ke juya jari. Turare mai tsada kuwa sai ya yi wata biyu a kanta yana shan ƙura, kuɗinka na kwance a ciki.

Shekarar 2022 ta gyara wa kowa lissafi. A Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, bayan sidi, kuɗin Ghana, ta sha zubewa a gaban dala cikin shekarar. Ka sayar da buhun shinkafa kana murna, ka koma Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi, sari, ka tarar uwa da riba gaba ɗaya ba su sayen wani buhun. Tun daga nan farashin sarin gobe nake dubawa kafin in yanka nawa.

Sai Alhajin da ke ba ni kaya bashi. In na ce masa Juma'a, to Juma'a ce, ko da miyar gida za ta rasa nama a makon. Bashinsa ba ruwa, ba takarda, kuma ran da mai ya yi wuya, wanda ke cika alkawari ake ajiye wa jarka.

Haya ita ce mai zuwa a guje. Doka ta ce kada a karɓi fiye da na wata shida gaba, masu gidaje kuwa shekara biyu suke nema, kuma ba mai kai ƙara don kowa na tsoron a tashe shi. Don haka kullum nake zuba susu, wato ajiyar kuɗi ta kullum a hannun mai tarawa, da sunan haya. Ba kowa nake miƙa wa ba dai, tunda a 2019 Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin lamuni 347.

Biki da suna, waɗanda ba sa ƙarewa a Zango, daga albashin da na yanka wa kaina nake yi musu gudummawa. In ya ƙare, sai in je da addu'a. Wata gwaggona ta ce na zama marowaci, na ce, "Gwaggo, a yi haƙuri, kuɗin Alhaji ne."

Firiji na biyu da fentin shago har yanzu suna jira. Firijin ma, in ya zo, da nasa kuɗin wutar zai zo.