Godiya bayan zaman karatun reshen Coulomb a Jidda

Alhamdu lillahi, mun kammala dare biyar muna zama bayan isha'i kan jiyometirin wakilcin rukunoni, wanda ke fitowa daga ƙa'idar geji mai sufasimetiri, wani fanni na kimiyyar fiziks. Abin da muka sa a gaba shi ne reshen Coulomb, wani sararin jiyometiri da ake samu daga irin wannan ƙa'ida. Baba mai gida, ka ba mu falonka, ka bari muka jingina farin allo a bango. Hajiya, gahawa da dabino ba su yanke ba. Allah Ya saka muku da alheri, Ya kuma biya 'yan'uwan da suka riƙa zuwa daga Makka a jirgin ƙasa na Haramaini.

Malam, taka godiyar daban ce. Kai ka hana a taɓa ma'anar reshen Coulomb da masana lissafi Braverman, Finkelberg da Nakajima suka bayar a 2016 sai an yi ƙaramin misali da hannu: rukunin U(1) da kwak (ƙwayoyin da ke ɗauke da cajin rukunin) iri N. Nauyin monofol (ƙwaya mai cajin maganaɗisu) mai caji m shi ne Δ = N|m|/2. A tara t^(2Δ) a kan kowane m, a ninka da 1/(1−t²), sai ga (1−t^(2N)) bisa (1−t²)(1−t^N)². Ƙasan na nuna tushe uku, saman na nuna alaƙa ɗaya tsakaninsu, xy = z^N, wato C²/Z_N. Duk wanda ya ga wannan ya fito a allonsa, ginin affine Grassmannian, sararin da waccan ma'ana ta dogara a kansa, ya daina ba shi tsoro.

A misali na gaba, rukunin U(2) mai caji biyu m₁ da m₂, aka yi ta tuntuɓe, shi ya sa muke gode wa 'yar'uwar da ta bi lissafin layi-layi. Wasu sun manta da cire gudummawar saiwa, |m₁−m₂|, daga Δ. Wasu sun sa 1/(1−t²)² a ko'ina, alhali in m₁ da m₂ sun zo ɗaya, rukunin bai karye ba, 1/((1−t²)(1−t⁴)) ake sawa. Sai mai rubuta t^Δ yana musu da mai rubuta t^(2Δ), ashe amsarsu ɗaya, ma'auni ne ya bambanta. Wannan ya ci mana kusan rabin dare, kuma laifinmu ne da ba mu tsayar da ma'auni tun farko ba.

'Yar'uwar nan ce kuma ta gano dalilin da jimlar U(2) ta ƙi tsayawa da kwak iri 2: caji (1,0) na ba da Δ = 0. A rabe-raben waɗannan ƙa'idoji da masana fiziks Gaiotto da Witten suka yi a 2008, U(n) na buƙatar kwak aƙalla 2n kafin a kira ta mai kyau. Da kwak iri 3 kuwa a U(2), Δ na sauka zuwa 1/2, wani yanki ya ɓalle ya zama C² mai zaman kansa.

Ba mu kai ga Yangian ba, wani tsarin aljebra mai alaƙa da reshen Coulomb, nan za a ɗora in Allah Ya kai mu. Wanda muka katse wa magana cikin zafin musu, ya yafe mana. Allon yana nan gidan Baba, lissafin U(2) na jiki, don Allah kada a goge.