Ranar Luther a Gidan Surukina

Juma'a, 31 ga Oktoba, 2025. Jimeta, da dare.

Yanzu muka shigo daga Numan. Yara sun yi barci tun a mota, ni kuwa idona biyu, don hirar da muka yi da Baba ta ƙi barin raina.

Tun makon jiya ya aiko cewa yana son ganin jikokinsa ranar tunawa da gyaran ikkilisiya, wanda Martin Luther, malamin addini ɗan Jamus, ya faro. Baba, mahaifin maiɗakina, dattijo ne a cocin Lutheran, wadda tushenta ya koma ga zuwan Dokta Bronnum daga Danmak zuwa Numan a 1913. Ni kuma ɗan Katolika ne gaba da baya. Shekara goma sha ɗaya da aurenmu, ban taɓa yin zancen Paparoma da shi ba, saboda kunyar suruki.

Bayan mun ci tuwo da miyar kifi, muka koma gindin mangwaro. Ya gyara zama ya ce, "Malam, kai da kake koyar da tarihi, faɗa mini tsakaninka da Allah. Luther ya yi laifi?"

Na daɗe ina kallon ƙasa. Na ce, "Baba, a kan abin da ya fara tayar da maganar, gaskiya tana wajensa." Ba don in faranta masa na faɗa ba. A 1517 wani mai wa'azi, Johann Tetzel, yana yawo a garuruwan Jamus yana sayar da takardun sassaucin horon zunubi, har da na mamata. Wani kaso na kuɗin yana tafiya ginin majami'ar Bitrus a Roma, wani kason kuma yana biyan bashin da Albrecht, babban bishop na Mainz, ya ciwo don samun kujerarsa. Talaka ya kwance bakin zaninsa don ya ceci uwarsa da ta rasu, kuɗin ya ƙare a hannun masu ba da bashi. Duk lokacin da na koyar da wannan a aji, zuciyata takan yi nauyi. A rana irin ta yau Luther ya aika wa Albrecht batutuwansa 95. Paparoma Leo na Goma ya aiko wa Luther takarda mai ba shi wa'adi ya janye, shi kuwa ya cinna wa takardar wuta a Wittenberg ranar 10 ga Disamba, 1520, aka fitar da shi daga ikkilisiya a Janairun 1521.

Baba ya sa aka ɗauko masa Littafi Mai Tsarki, ya buɗe Galatiyawa sura 2, inda Bulus ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya. Ni ma na karanta masa Matiyu 16:18, inda Ubangiji ya ce wa Bitrus a kan dutsen nan zai gina ikkilisiyarsa. Ya ce dutsen shi ne shaidar da Bitrus ya bayar. Na ce har da shi Bitrus ɗin, tunda shi aka miƙa wa mabuɗai. Nan dai kowa ya tsaya a inda yake.

Sai na ce masa ai ba a kan Luther aka fara ba. Tun 1054 wakilin Roma ya ajiye takardar kora a kan bagaden Hagia Sophia, babbar majami'ar Konstantinoful (Istanbul ta yau), ikkilisiyar Gabas da ta Yamma suka ja daga, ba a janye korar ba sai 1965. A Janairun 1077 Sarki Henry na Huɗu na Jamus ya yi kwana uku a ƙofar fadar Kanosa ta Italiya cikin tsananin sanyi yana neman gafarar Paparoma Gregory na Bakwai, a kan rigimar wa ke da ikon naɗa bishop. Bayan 'yan shekaru sarkin nan ya shiga Roma da yaƙi, Gregory ya mutu a gudun hijira a Salerno.

Inda Baba ya ajiye kofin shayinsa shi ne da na kai kan paparoma uku. Bai taɓa ji ba. Daga 1378 akwai ɗaya a Roma, ɗaya a Abinyon ta Faransa, kowa da sarakunan da ke mara masa baya. Aka yi taro a Pisa a 1409 don a kashe wutar, sai aka ƙare da na uku. Ka duba halin ɗan ƙauye a lokacin, bai san ko wanda ya naɗa bishop ɗinsa na gaske ba ne. Babban taron ikkilisiya da aka yi a birnin Konstans na Jamus ne ya raba gardama, ya zaɓi Martin na Biyar a 1417, har ma ya ce shi kansa Paparoma dole ya bi hukuncin taro. Daga baya paparomomi suka ƙi amincewa da wannan.

Amma taron nan da ya ɗinke ɓarakar, shi ne kuma ya hukunta Jan Hus. Malami ne daga Prag, mai wa'azi da harshen mutanensa, yana cewa Almasihu ne kan ikkilisiya, ba a bin shugaba cikin saɓo. Ya zo Konstans riƙe da takardar aminci daga Sarki Sigismund. Aka kulle shi, aka ƙone shi da rai ranar 6 ga Yuli, 1415. Da na faɗi wannan sai muryata ta sarƙe. An ba mutum amana, an ci amanar, kuma da sunan Allah.

Baba ya ce, "To ɗana, duk ka san wannan, me ya zaunar da kai?"

Na ce masa mu ba mu ce Paparoma ba ya zunubi ba. Abin da taron Vatican na farko ya ayyana a 1870, cewa ba ya kuskure, ya tsaya ne ga lokacin da ya yi hukunci daga kujerar Bitrus a kan bangaskiya ko ɗabi'a domin ikkilisiya duka, kuma tun daga nan sau ɗaya aka yi haka a sarari, a 1950. Na kuma ba shi labarin mahaifina, wanda ya hau bayan babbar mota har Kaduna a Fabrairun 1982 don ya ga John Paul na Biyu. Har ya rasu yana cewa ranar ya gane shi da ɗan Poland da ɗan Brazil gida ɗaya ne. Ina duban layinmu a nan Jimeta, majami'u sun fi biyar, kusan kowace ta ɓalle ne daga wata a kan rigimar shugabanci. Ina son a ce akwai kujera guda da take riƙe mu. Wannan Paparoman da mahaifina ya gani, shi ne a Disambar 1999 ya bayyana baƙin cikinsa a fili a kan mugun kisan da aka yi wa Hus. Ya zo a makare da kusan shekara 600, amma na gode da ya zo.

Baba ya ce ya tuna lokacin da Paparoma Francis ya je Lund ta Suwidin a 2016, ya yi addu'a tare da shugabannin Lutheran a rana irin ta yau. Na ce masa Paparoman yanzu, Leo na Sha Huɗu, ɗan ƙungiyar Agustin ne, ƙungiyar masu hidimar Allah ta Katolika da Luther ya fito daga cikinta, kuma su ne suka kawo Katolika nan ƙasar Yola. Ya jinjina kai ya ce, "Ikon Allah."

Da za mu taso ya tara mu ya yi addu'a, ya ambaci sunan kowane jika. Mama ta cika mana leda da busasshen kifi. Ya rako ni har bakin mota, ya riƙe hannuna ya ce in rubuta masa labarin Hus da Hausa, da manyan baƙaƙe saboda idonsa, yana so ya karanta wa dattawa 'yan'uwansa. Na ce to, Baba.

Gobe idin dukan tsarkaka, Mas ƙarfe shida na safe. In na dawo zan fara rubutun.