Tarihin Rayuwar Stephen Keshi, Kashi na Biyar: Tikitin Togo

A makon jiya mun tsaya ne a 2002, lokacin da aka sallami Shuaibu Amodu da mataimakinsa Keshi bayan Kofin Afirka na Mali, alhali su suka samo wa Najeriya gurbin Kofin Duniya. Adegboye Onigbinde ne ya tafi da tawagar.

A 2004 Togo ta ɗauki Keshi. Sunansa na lokacin na ɗan wasa ne: mai tsaron baya na Anderlecht, kyaftin ɗin Super Eagles da ta ci Kofin Afirka a Tunisiya a 1994. A matsayin koci ba a san ƙarfinsa ba tukuna. Rukunin share fage da Togo ta faɗa kuwa akwai Senegal, wadda ta kai zagayen kwata fainal a Kofin Duniya na 2002, ga Zambiya, Mali, Kongo da Laberiya. Wasa goma, gida da waje. Ta ɗaya kaɗai ke zuwa Kofin Duniya na 2006 a Jamus, ukun farko su tafi Kofin Afirka a Masar.

Zambiya ta doke su 1-0 a wasan farko, daga nan ba su sake shan kashi ba. Aikin share fage yana da tsarinsa: 'yan wasa kan iso daga ƙungiyoyinsu na Turai kwanaki kaɗan kafin wasa, babu lokacin koya musu dabaru masu sarƙaƙiya. Keshi ya ɗaure baya, ya sa a riƙa neman ɗan wasan gaba Emmanuel Adebayor da ƙwallo cikin sauri. Sun ci Senegal 3-1 a Lome, suka yi 2-2 a Dakar, kuma sakamakon nan biyu su ne ƙashin bayan komai. Ranar 8 ga Oktoba 2005 suka doke Kongo 3-2 a Brazzaville, suka gama da maki 23, Senegal 21. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta ba Keshi kyautar kocin shekara.

A Masar abin ya lalace. Zaman sansani na makonni yakan tono abin da haɗuwar kwana huɗu ke rufewa, kuma saɓani ya ɓarke tsakaninsa da Adebayor, har ya ajiye shi a benci a farkon wasan Kongo Kinshasa. Ƙungiyar da aka gina a kan mutum ɗaya ba ta jure irin wannan. Sun sha kashi sau uku: 2-0 a hannun Kongo Kinshasa, sai 2-0 a hannun Kamaru, da 3-2 a hannun Angola.

A Fabrairun 2006 aka kore shi, aka kawo Otto Pfister, ɗan Jamus. Wannan hukunci bai yi adalci ba, wasa uku suka shafe wasa goma. Duniya ta ga Pfister a kujerar koci a Jamus, kuma Togo ta faɗi a hannun Koriya ta Kudu, Suwizalan da Faransa, ga rikicin alawus da ya kusa hana su taka leda.

Mako mai zuwa za mu shiga shekarunsa a Mali, daga 2008.