Abin da na koya a shagon sayar da kilt a Edinbura

Makon nan na ajiye aikin da nake yi bayan karatu a wani shago kusa da Royal Mile, sanannen titin Edinbura, babban birnin Sikotland. Kuɗin haya ne ya kai ni can, amma na fito da sanin yadi.

Kilt, wato siket ɗin gargajiya na mazan Sikotland, na asali ulu ne zalla, yadi 8, mai nauyin oza 13 ko 16 a kowane yadi, irin wanda masaƙu kamar kamfanin Lochcarron da ke garin Selkirk suke saƙawa. Namu na araha kuwa yawanci daga Sialkot ta Pakistan ake kawo su, kuma roba ce: ko akirilik, ko haɗin poliyesta kashi 65 da biskos kashi 35, wanda 'yan sana'ar ke kira PV. Wata dattijuwar tela da ke mana gyara ce ta nuna min yadda ake ganewa. A zaro zare daga cikin ɗinki a kyasta masa ashana. Ulu yakan yi ƙaurin babbakar kan rago, wutar ta mutu da kanta, tokar ta murtsuke a yatsa. Akirilik yakan kama da sauri, ya narke, ya bar baƙin dunƙule mai tauri. PV yakan haɗa biyu, narkewar roba da ƙaurin takarda. Ko babu ashana, a duba bakin ƙasa: na ulu mai kyau bakin saƙa ne, ba a kalmashe shi, na araha kuwa an kalmasa.

Wannan sanin ne ya haɗa ni da manaja. Wani dattijo daga Kanada ya zo neman abin da zai saka ranar auren 'yarsa. Ya ɗaga wanda aka rubuta wa sunan ulu haɗe da akirilik, ya tambaye ni ko ulun Sikotland ne. Na ce masa babu ulu ko zare ɗaya a ciki. Manaja ya yi min tatas a gaban masu sayayya, wai an ɗauke ni sayarwa ne, ba wa'azi ba. Daga nan ya zabge min ranakun aiki a watan Agusta, lokacin bikin garin da kowa ke tara na hunturu. Alhali dokar Birtaniya ta 2012 ta wajabta a bayyana ainihin zaren da ke jikin tufa. Har yau abin yana ci min rai.

Ni ban raina roba ba. PV yana wankuwa a inji, ninkinsa yana zama, ya dace da masu zuwa kallon ƙwallo da waɗanda ulu ke sa wa ƙaiƙayi. Akirilik ne ban yarda da shi ba: yana yin curi-curi, ninkin ya baje, ga haɗari kusa da wuta.

Wanda zai gaje ni, ya yi abota da tela tun makon farko, ya kuma riƙa ajiye jadawalin aikinsa a rubuce, domin ranar da aka rage masa ya sami abin nunawa.