Birkin tsohuwar Ford

Yau muka gama haɗa gaban tsohuwar Ford ɗin maƙwabcina, ƙirar 1930, nan Amurka. Asalin birkinta na sandar ƙarfe ne. Sabon kaya ya fi ƙarfin aljihunsa, sai ya tsinto birkin Ford na 1940 mai aiki da mai wajen 'yan gwangwan. Muka kankare tsatsa, muka bar mata sifirin ɗinta na gado.

Ya ce in riƙa taka birki yana fitar da iskar da ke cikin bututun mai. Na taka, na taka, fanko. Can sai birki ya yi tauri. Dattijon ya leƙo daga ƙarƙashin mota, hannu duk baƙin mai, idonsa ya ciko. Ashe motar mahaifinsa ce. Har yanzu ina jin taurin nan a tafin ƙafata.