Man da Ruwa Ya Sha: Yadda Ake Auna Narkewar Sinadari Mai Ƙin Ruwa

Wani dattijo maƙwabcinmu a nan birnin Katsina ya zo mini da ruwan rijiyar gidansa a cikin jarka, ya ce kwana biyu yana jin ruwan yana warin fetur, ga shi kuma akwai gidan mai kusa da su. Da na gaya masa cewa ina tsoron man ya shiga cikin ruwan, sai ya ce, "Malam, ai mai ba ya haɗuwa da ruwa. A sama yake tsayawa, kuma ka duba da kanka, babu ko ƙyallinsa." Na ce, "Baba, abin da ido yake gani ke nan, amma akwai wanda ruwan ya sha, kuma shi ne wanda hancinka yake ji." Wannan magana tasa ce ta sa na ga ya dace in rubuta wani abu game da aikin da na daɗe ina yi a ɗakin gwaje-gwaje, wato auna yawan abin da ruwa yake iya narkarwa daga sinadari mai ruwa-ruwa wanda bai cika narkewa ba.

Lita ɗaya ta ruwa tana narkar da gishirin miya wajen giram 360. Benzin kuwa, wanda yake ɗaya daga cikin sinadaran da ke cikin fetur, wajen giram 1.8 kawai yake narkewa a lita idan zafi yana digiri 25 a ma'aunin Salshiyos. A cikin sauran sinadaran fetur, toluwin bai wuce rabin giram ba sai da kaɗan, heksen yana wajen miligiram 10, okten kuma bai kai miligiram ɗaya ba. Mai karatu zai iya raina waɗannan alƙaluma, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar benzin a ruwan sha a kan miligiram 0.01 a lita, saboda yana haddasa sankarar jini. Ko da benzin kashi 1 ne cikin 100 na fetur, lissafi na kusa yana nuna cewa ruwan da ya daɗe yana taɓa wannan fetur zai iya ɗaukar miligiram 18 a lita, wato ninki 1,800 na iyakar. A rahoton da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a kan ƙasar Ogoni a shekarar 2011, an sami benzin a rijiyoyin Nisisioken Ogale fiye da ninki 900 na wannan iyaka, kuma mutane suna shan ruwan.

Ƙa'idar da aka fi bi wajen awon ita ce mai lamba 105 ta ƙungiyar ƙasashe don haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, wato OECD, wadda aka fara fitarwa a 1981 aka sabunta a 1995. Ta kawo hanyoyi biyu. Idan sinadari yana narkewa fiye da miligiram 10 a lita, ana zuba shi da ruwa a kwalabe uku, a yi ta girgizawa a digiri 30, a cire ta farko bayan awa 24, ta biyu bayan 48, ta uku bayan 72, kowace a bar ta ta huce kwana ɗaya a digiri 20, sannan a raba ruwan a auna. Idan bambancin sakamakon bai wuce kashi 15 cikin 100 ba, an karɓa. Idan narkewar ba ta kai miligiram 10 a lita ba, ana shafa sinadarin a jikin ƙananan duwatsun gilashi ko yashi mai tsabta, a cusa su a siririn bututu, a riƙa tsiyayar da ruwa ta cikinsu a hankali. Duka hanyoyin suna aiki sosai ga gari da ƙwayoyi masu tauri, domin gari yana kwantawa ko a tace shi. Abu mai ruwa-ruwa kuwa halinsa daban ne, kuma a nan ne na fi shan wahala a farkon aikina.

Duk wanda ya taɓa kallon nono a ƙwarya ya ga matsalar da idonsa. Farin da ke cikin madara ba narkakken mai ba ne. Ƙananan ɗigo-ɗigo ne na mai da furotin suke yawo a cikin ruwa, shi ya sa idan aka kaɗa ta a gora man shanu yake haɗuwa ya fito. Haka sinadari mai maiƙo yake yi idan aka girgiza shi da ƙarfi: yana farfashewa zuwa ɗigon da ido ba ya gani, waɗanda za su iya yin kwanaki ba su taso sama ba. Na'urar awo, ko da ta kuromatogirafi ce mai tsada, wato mai rarrabe sinadaran da ke cikin samfur ta auna kowanne, ba ta bambanta narkakke da mai yawo, duk abin da ta tarar a samfur shi take ƙirgawa. Ga lissafin da ya fi tsaya mini a rai. Ɗigo ɗaya na bakin sirinji ya kai wajen mikirolita 50 (mikirolita ita ce kashi ɗaya cikin miliyan na lita), kuma mikirolita ɗaya ta okten tana da nauyin miligiram 0.7. Ke nan idan aka raba ɗigo guda kashi hamsin, kashi ɗaya ya ɓace a cikin lita ɗaya ta ruwa, ya isa ya ninka sakamakon awon okten sau biyu. Lokacin da na fara gwada okten ta hanyar girgizawa, kwalabena uku sun ba ni amsoshi uku da suka yi nisa da juna, kuma dukkansu sun zarce abin da masanin sinadarai Clayton McAuliffe ya wallafa tun 1966 ninki da yawa. Na shafe makonni ina zargin na'ura kafin na gane cewa hannuna ne ya cika ruwan da ɗigon da ba na gani.

Maganin da masana suka samo shi ne juyawa a hankali. Ana samun babban tulun gilashi mai famfo a ƙasa, a zuba ruwan da aka tsarkake har ya kusa cika, a saka ƙaramin sandan maganaɗisu a gindi wanda inji zai riƙa juyawa don motsa ruwan, sannan a ɗora sinadarin a saman ruwan a natse ta jikin bangon tulun, ba tare da ya nutse ba. Ana daidaita juyawar yadda lotsawar da ke tsakiyar saman ruwan ba za ta wuce ɗan kaɗan ba, domin manufa ita ce ruwan ƙasa ya riƙa zuwa sama yana taɓa man yana komawa, man kuwa ya zauna inda yake. Bayan kwana ɗaya ko biyu a fara ɗiban samfur ta famfon, a zubar da ruwan farko da ya kwana a bakinsa, a ci gaba da ɗiba kullum har sai alƙaluman kwanaki uku ko huɗu a jere sun daina hawa. Ga sinadarin da narkewarsa ta yi ƙasa sosai, wannan yana iya cin mako guda ko fiye. A kan irin wannan tsari ƙungiyar OECD ta gina ƙa'idarta mai lamba 123 a 2006, wadda ake auna rabuwar sinadari tsakanin ruwa da wani sinadari mai maiƙo da ake kira oktanol da ita. Idan sinadarin ya fi ruwa nauyi ya kwanta a ƙasa, sai a ɗebi samfur daga sama.

Kafin in kai kowane samfur ga na'ura, nakan kashe fitila in haska shi da ɗan tsinken leza, wato 'yar fitila mai fitar da siririn jan haske. Ruwan da komai ya narke a cikinsa ba ya nuna hanyar haske, amma idan akwai ɗigo masu yawo za a ga layin ja ya ratsa kwalbar, kamar yadda hasken rana yake bayyana idan ya shigo ta taga a ranar da ƙurar hunturu ta cika ɗaki. Da sunan John Tyndall, masanin ƙarni na 19, ake kiran wannan al'amari. Gwajin ba ya kama ɗigo 'yan kaɗan, don haka nakan ƙara da wani: in haɗa tulu biyu, in zuba sinadari kaɗan a ɗaya, in ninka shi a ɗayan. Narkewa ta gaskiya ba ta damu da yawan man da ke sama ba, saboda haka idan tulu na biyu ya ba da adadi mafi girma, to ko dai akwai ɗigo, ko kuma sinadarin yana da gauraye da wani abu da ya fi shi narkewa.

Kuskuren yana zuwa ta ɗaya ɓangaren ma, inda sakamako yake fitowa ƙasa da gaskiya. Heksen yana tafasa a digiri 69, benzin a 80, kuma dukkansu suna gudu daga ruwa zuwa iska da zarar sun sami sarari, shi ya sa ake cika kwalbar samfur har baki a toshe nan take. Roba tana tsotse irin waɗannan sinadarai, takardar tacewa ma haka, don haka gilashi kaɗai nake yarda ya taɓa samfur. Gishirin da ke cikin ruwa yana rage narkewa, saboda haka adadin da aka samu da tsarkakakken ruwa ba lallai ne ya zo daidai da na rijiya mai zartsi ba.

Abin da ya fi ba mu wuya a Katsina shi ne zafi. Ƙa'ida ta ce a riƙe digiri 20, kada ya kauce da fiye da rabin digiri, alhali a watan Afrilu zafin rana yana kai digiri 40, a Janairu kuma asuba takan yi sanyi ƙwarai. Idan aka ɗauke wuta da rana tulun ya ɗumama, da dare kuma ya huce, ruwan yana iya mayar da wani abu daga abin da ya sha, ya fito a matsayin ɗigo a tsakiyar tulun ba tare da kowa ya girgiza shi ba. A ganina ya fi gaskiya mutum ya zaɓi digiri 25 idan shi ne abin da kayan aikinsa za su iya riƙewa, ya rubuta hakan a fili tare da sakamakon, kuma ya jingina injin juyawar da na daidaita zafi da batirin sola kafin ya fara.

Game da ruwan maƙwabcina, na roƙe shi da iyalinsa su daina sha da girki da shi, kuma kada su tafasa shi a cikin ɗaki da nufin korar warin, domin tururin da zai tashi shi za su shaƙa. Ruwan jarkar bai dace da awo ba, tunda ya kwana a roba kuma rabinta iska ce. Washegari bayan sallar asuba na je gidan da kwalaben gilashi uku masu launin ƙasa-ƙasa, muka jawo guga a hankali, na cika kowace har baki na toshe, na rubuta rana da lokaci a jikinsu, na jera su a cikin kula mai ƙanƙara.