Furen Ƙarfe Goma Ba Ya Son Gata

A cikin furannin da nake renonsu a tsakar gidanmu a Kano, babu wanda ya fi hutar da ni kamar Portulaca grandiflora, wanda a ƙasashe da dama ake yi wa laƙabi da furen ƙarfe goma saboda lokacin da yake buɗewa. Asalinsa daga Kudancin Amurka ne, wajajen Ajantina da Urugwai da kudancin Barazil, kuma masanin tsirrai na Ingila William Hooker ne ya fara bayyana shi a rubuce a shekarar 1829. Amma duk wanda ya taɓa noma zai gane danginsa, domin ɗan uwan fasa-ƙaba ne, ciyawar nan mai kauri da ake nomewa a jefar a kan kunya, bayan kwana biyu a tarar ta sake kamawa. Taurin ran nan gadon gidansu ne.

Ba iri na saya ba. Wata maƙwabciyata ce ta karyo mini 'yan rassa daga kaskonta, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba. Na ce, "Hajiya, ai babu saiwa a jikinsu." Ta yi dariya ta ce, "Ke dai soka su a yashi, ki manta da su." Na tsige ganyen ƙasa, na bar su a inuwa suka wuni bakin karayar ya bushe, sannan na soka. Kafin mako biyu sun yi saiwa sun fara toho.

Sirrinsa yana cikin ganyen. Siriri ne, mulmulalle, idan ka matse shi da farce ruwa ne zai fito. A nan yake ajiyar guzurinsa, shi ya sa zafin bazara na Afirilu da ke kwantar da sauran shuke-shuke ba ya damunsa. Ni sai na tura yatsa cikin ƙasar na ji ta bushe ƙamas nake ba shi ruwa, da sassafe, kuma a gindi.

Abokin gabarsa a wajenmu damina ce, musamman marka ta watan Agusta. Idan ruwa ya kwanta a tukunya, gindin sai ya yi baƙi ya yi laushi, ka taɓa reshe ya biyo hannunka. Saboda haka kafin ruwa ya sauka nake shiri. Ƙasar da nake haɗawa yashi ya fi yawa a cikinta, sai ƙasar gona kaɗan da ɗan ruɓaɓɓen taki. Kaskon ƙasa mai faɗi, wanda aka huda gindinsa, ya fi roba nesa ba kusa ba, don yana shan danshi ta jikinsa, kuma saiwar furen ba ta nitsawa can ƙasa balle a ce sai tukunya mai zurfi. Ina ɗora kaskon a kan bulo, nesa da bakin indararo. Idan duk da haka na ga ruɓa ta fara, ba na jinya. Nakan yanke kawunan da ke da lafiya in dasa a sabon yashi, sauran kuwa bola.

Taki ma kada a cika hannu. Wanda ya sha taki da yawa ganye yake yi shar, fure kuwa sai ɗaiɗai.

Sai rana. Wannan babu ciniki a kai: yana bukatar awa 6 zuwa 8 tana dukansa. Na gwada kasko biyu, ɗaya a fili, ɗaya a gindin darbejiya. Na inuwar ya yi ta miƙewa siriri yana neman haske, na filin kuwa ya cika kasko har yana zubowa, ja da ruwan ɗorawa da fari da ruwan hoda. Kowane fure yini ɗaya yake yi. Ya buɗe da hantsi, ƙudan zuma su yi ta kai-komo a kansa, zuwa la'asar ya tsuke. Ranar da hadari ya rufe gari, ko hazon hunturu ya yi kauri, yakan makara ko ya ƙi buɗewa gaba ɗaya. Ma'aikacin da ke fita ƙarfe bakwai ya dawo da magariba zai iya shekara bai ga furensa ba sai ranar hutu, kuma wannan gaskiya aibi ne, gara mutum ya sani kafin ya shuka.

Darɓa takan taru a kan toho, ruwan sabulu kaɗan yana maganinta. Kaji sun fi ta ɓarna, don yashin kaskon wurin birgima suke ɗaukarsa, dole na kewaye da waya.

Bayan furen ya faɗi, wani ɗan ƙoƙo yake bari mai murfi. Idan ya bushe murfin ya ɓalle, za ka ga iri baƙi a ciki, ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta sosai. Ina kaɗe shi a takarda in ajiye. Wajen shuka nakan gauraya shi da yashi in barbaɗa a sama, ba na binnewa, domin sai ya ga haske yake tsirowa. Launin da zai fito daga iri kuwa ba lallai ya bi na uwar ba, shi ya sa duk wanda ya nuna mini launin da yake so, reshe nake karya masa.